Murhu a Ƙasa, Yaro a Ƙasa: Gargaɗi ga Magidanta da Matan Gida na Sabon Birni da Isa

Duk magidancin da ka tambaya a Sabon Birni ko Isa, ko Gatawa ko Bafarawa, abin da ke hana shi barci game da iyalinsa, daji zai nuna maka, kuma ba mai ganin laifinsa. Amma wannan takarda zancen cikin gida ta kawo. Akwai abubuwan da ke raunata yaranmu da rana tsaka, uwa na tsakar gida, uba na zaure: tukunyar talge, kaskon tuya, ruwan wankan jego, kwalbar kananzir, bokitin da aka bari da ruwa. Ba a jin labarinsu a rediyo. Sai dai ka ga yarinya a makarantar allo da tabo tun daga wuya har kafaɗa, ko saurayi da yatsu uku a manne, in ka tambaya a ce maka, "Ai tun yana rarrafe ne."

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum wajen 180,000 kowace shekara, galibinsu a ƙasashen talakawa, kuma yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara biyar sun ninka sauran yaran duniya fiye da sau biyu wajen mutuwa da ita. Waɗanda suka rayu da nakasa sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Mu nan gabashin Sakkwato abin ya fi mana nauyi saboda nisa. Ƙaramar ƙuna ana iya wanke ta a ɗaure a asibitin Isa ko na Sabon Birni. Babba kuwa, wadda ke bukatar ƙarin ruwa na kwanaki da dashen fata, sai Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. Tafiyar sa'o'i ce ko da lafiya lau, balle yanzu da ba direban da zai ɗauki hanya bayan magariba. Yaron da ya ƙone da almuru, a hannun iyayensa zai kwana. Abin da suka yi masa a wannan dare shi ke yanke ko zai warke sumul, ko ya nakasa, ko a rasa shi.

Ga kuma cunkoso. Tun 2019 da mutanen ƙauyukanmu suka soma gudu saboda rashin tsaro, wasu suka tsallaka iyaka zuwa Gidan Runji a jihar Maraɗi, wasu suka tare a manyan garuruwa wurin 'yan uwa, gidan da aka gina don mata biyu ya koma na mata shida. Murhu biyar a tsakar gida ɗaya, yara ashirin suna guje-guje a tsakaninsu. A irin wannan gida, ko uwa ta kai kowa kula, ido biyu ba su isa ba.

Murhu

Tushen matsalar a fili yake: a ƙasa muke girki, a ƙasa kuma yaro yake rayuwa. Duwatsu uku, tukunya a kai, bakinta daidai fuskar mai rarrafe. Itacen da aka zura ya miƙo waje kamu biyu, yaro ya yi tuntuɓe da shi a guje, tukunya ta goce. Ko uwa ta sauke miya ta ajiye a gefe don ta ɗora ruwa, mai koyon tafiya ya zo da baya-baya ya zauna ciki. Wanda ya taɓa zama a ɗakin yara na asibiti ya san wannan ƙunar ta ɗuwawu da cinyoyi.

Fatar ƙaramin yaro ta fi ta babba taushi da rashin kauri. Ruwan da zai sa babba ya ce "wash" ya janye hannu, shi zai salɓe wa jariri fata. Talge da kunu da koko sun fi ruwa sharri, don suna da kauri, suna manne wa jiki su ci gaba da dafa shi. Man tuya kuwa zafinsa kan kai kusan ninki biyu na tafasasshen ruwa.

To, mene ne magani? An saba cewa "mata su kula", a tashi taro. Ni a ganina wannan rabin magana ce, kuma rabin da ya fi sauƙi a bakin maza. Matar da ke tuƙa tuwo, tana jan ruwa a rijiya, tana goye da ɗa, wani na jan zanenta, ba rashin kula ke damunta ba. Abin da take bukata shi ne a raba murhu da filin wasan yara, kuma wannan aikin maigida ne. Gobirawa ba baƙin ganuwa ba ne. Kakanninmu sun kewaye birnin Alƙalawa da ita don sun san ba a tsaron gari da ido kaɗai. Murhu ma haka yake so. Tubali kaɗan da laka, a ja 'yar katanga da ta kai ƙugun babba a kusurwar gida, a bar ƙofa ɗaya da za a tare da guntun kwano ko ƙyauren itace. Aikin yini ɗaya ne ga mutum biyu. Wanda ya fi haka hali ya gina dakali ya ɗora murhun a kai, yadda yaro ba zai kai bakin tukunya ba, matar ma bayanta ya huta. A lulluɓe duwatsun da laka su zama murhu guda mai baki ɗaya: tukunya ta zauna daram, itace ya rage ci, garwashi ya daina watsuwa.

Kada dai a yi shingen da kara ko zana, kada kuma murhu ya matsi danni ko rumbu. Wanda ya ga yadda gobara ke cin unguwa a watan iska ba ya bukatar a yi masa bayani.

Inda babu halin gini, kamar masu zaman gudun hijira a gidan aro, matan gida su yi yarjejeniya: a tara murahu gefe ɗaya, kuma lokacin girki mace ɗaya ko tsohuwar gida ta zauna da ƙananan yara a ɗaya gefen, a riƙa karɓa-karɓa. Kishi bai kamata ya shiga nan ba, don tukunya ba ta tambayar ɗan ɗakin wa ne.

Sai maganar 'yan mata ƙanana. Muna ɗora wa yarinya 'yar shekara bakwai aikin da ya fi ƙarfin hannunta, ta sauke tukunyar da ta kusa kai nauyinta, ta ɗauko garwashi a murfin kwano daga maƙwabta ta ratso lungu da shi, ga ƙani a bayanta. In ta zubar a rufe ta da duka. Koyon girki dole ne, amma a bi shi daki-daki: wanke-wanke da tankaɗe da gyaran ganye tukuna, wuta daga baya, sauke tukunya a ƙarshe. Kuma wadda za ta je gaban wuta, babba ko yarinya, ta cire dogon hijabi ta ɗaure zane tamau. Yadin roba da ya cika kasuwa yanzu ba ya ci kamar auduga, narkewa yake ya manne a fata. Haka in an aiki yarinya markaɗe: hijabi da bel ɗin inji ba sa shiri, in ya kama gefensa sai ya naɗe har wuya da gashin kai. Masu inji su rufe bel ɗinsu da akwatin katako ko na kwano.

Masu sana'ar ƙosai da masa da awara da ƙuli-ƙuli, ku ne kuka fi zama kusa da haɗari, don yara ne masu sayenku, kuma kewaye kasko suke. A sa benci tsakanin kasko da masu saye. Kada a yi tuya da goyo, domin yaro na leƙowa ta kafaɗa, majanyi kuma na kwancewa. In mai ya kama da wuta, kada a kuskura a watsa ruwa. Tashi zai yi ya bi fuska. A rufe kaskon da murfi ko faranti, a janye itace, a zuba ƙasa a gindin murhu.

Gidan da aka yi haihuwa kuwa, kwana arba'in ake yi ana dafa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, ana ɗauka a ratsa tsakar gida zuwa makewayi. A lokacin ne kuma aka janye ido daga wanda aka yi wa ƙani, shi ko yana ta bin uwa ko'ina. A dafa ruwan kusa da inda za a yi wankan, a kau da yara kafin a ɗauka. Wajen wankan jariri a fara zuba ruwan sanyi a baho sannan a surka da na zafi, a gwada da gwiwar hannu, don tafin hannun mai aikin gida ya riga ya saba da zafi, ba ya faɗin gaskiya.

Da hunturu ya kama, akan shiga ɗaki da kaskon garwashi ko kurfoti a rufe ƙofa da taga. Haɗari biyu ne a nan. Na farko bargo ko gidan sauro ya faɗa kai. Na biyu ya fi ɓoyuwa: gawayi na fitar da wata iska marar wari marar launi, wadda ke sa ciwon kai da kasala, mutum ya yi barci ya zarce. Hayaƙin janareta ma ita yake ɗauke da ita, shi ya sa ba a kwana da shi a ɗaki ko a bakin taga. A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Malamanmu sun sha karantar da cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa kashe wuta lokacin barci, ya kuma yi umarni a rufe ƙorai. Wanda ya ce ƙaddara ce ya bar wuta a ɗaki, to ya bar umarni ya kama uzuri. A tuna kuma rushi na kwana da zafi a ƙarƙashin toka, yaro ya taka da safe tafin ƙafarsa ya tashi. A yayyafa masa ruwa.

Mai farfaɗiya kada a bar shi shi kaɗai gaban wuta ko bakin rijiya. In ya faɗi kusa da wuta a janye shi nan take. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki, kuma wannan camfi ya sa mutane da yawa sun ƙone ana tsaye ana kallo.

In an ƙone

Nan ne nake so mai karatu ya nutsu, ya kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Da yaro ya ƙwalla ƙara gida kan rikice, kowa da nasa magani. Wata ta ce, "Inna, a aza mishi gishiri." Wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai. A kawo man goge baki, ko manja, ko baƙin man inji, ko kamu, ko toka, har da kashin shanu. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, amma ba ɗaya daga cikinsu da ke fitar da zafi daga cikin nama. Maiƙo rufe zafin yake ya ci gaba da ci. Toka da kashin shanu kuwa ƙwayoyin cuta suke kai wa buɗaɗɗen ciwo, har da na ciwon nan mai sarƙe haƙora. In an isa asibiti sai an kankare su duka kafin a ga zurfin ciwon, kuma yaron ne ke shan azabar kankarewar.

Maganin farko ruwa ne, ruwan randa mai sanyi mai tsabta. A riƙa kwarara shi a hankali da buta ko moɗa a kan wurin har minti ashirin. A duba agogon waya, don minti ashirin na da tsawo in yaro na kuka, kuma yawanci a minti biyu ake tsayawa. In ruwa ya yi ƙaranci a tsoma hannun ko ƙafar a baho, a riƙa sauyawa in ya yi ɗumi. Ko an makara, in ba a wuce sa'a uku ba, ruwan na da amfani. Masu cewa ruwa ke sa ƙuna ta yi bororo sun juya maganar: zafin da ya shige ciki ne ke tayar da bororo, ruwa rage shi yake. Ƙanƙara kuwa a bar ta, tana ƙara kashe fatar.

Ana zuba ruwan ana cire riga da awarwaro da zobe da guru kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne a fata kada a fizge ta, a yanke kewayenta da almakashi. A kula da sanyi: wurin ƙunar ake sanyaya wa, sauran jikin yaro a lulluɓe shi, musamman jariri da hunturu. Bayan nan a rufe da ƙyalle wankakke marar gashi ko sabuwar leda mai tsabta, a saki-saki, ban da auduga. Kada a fasa bororo. A ba shi farasitamol gwargwadon shekarunsa, a ci gaba da ba shi nono, wanda aka yaye a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, don babbar ƙuna na tsotse ruwan jiki, kuma wannan ne ke fara kashe yaro kafin ciwon kansa. Zuma da wasu ke tambaya, tana da wurinta a kan ƙaramin ciwo, amma bayan ruwa, ba a madadinsa ba.

In tufa ce ta kama da wuta, kada a bar mutum ya ruga, gudu hura ta yake. A kayar da shi ƙasa a mirgina shi, a danne da bargo mai kauri ko a kwara ruwa.

Wace ƙuna ce ta wuce gida? A auna da tafin hannun yaron, ba na babba ba. In ta fi faɗin tafinsa, asibiti. In ta taɓa fuska, ko wuya, ko yatsu, ko al'aura, ko gaɓa kamar gwiwa da hammata, asibiti komai ƙanƙantarta, domin a nan ne fata ke tattarewa ta manne in ta warke ba bisa ƙa'ida ba. In wurin ya yi fari ko baƙi kuma yaron ba ya jin zafinsa, kada a yi murna, alamar ta yi zurfi ce. Haka jariri ɗan ƙasa da shekara, da wanda wutar lantarki ta ja. In dare ya hana tafiya, a nemi ma'aikacin lafiya mafi kusa, a kama hanya da asuba, kada a ce bari a ga kwana biyu.

Abin da ke cikin kwalba

Tun da hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka a Nuwamban 2019, ga kuma tsadar da ta biyo bayan cire tallafi a 2023, ajiye fetur a gida ya zama ruwan dare a yankinmu. Mai babur na da galan, ɗan bumburutu na da jarkoki, wani har ƙarƙashin gado. Fetur ba sai wuta ta taɓa shi ba. Tururinsa na bin ƙasa ya iske murhu ko fitila daga nesa. In ajiyewar ta zama dole, a yi masa wuri a waje, a inuwa, nesa da madafi da ɗakin kwana. Kada a hura wuta da shi, kada a ƙara wa risho ko fitila kananzir suna ci.

Kananzir da fiya-fiya da ruwan sodar masu yin sabulu duk a robar lemo ko ta ruwa muke zuba su. Yaro ɗan shekara biyu da ƙishin bazara ya kama, ya ga robar da ya saba sha daga cikinta, me ake so ya yi? Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni tun 2019, amma ɗanyen maganin bai bar gidajenmu ba, ga na feshin wake, ga shinkafar ɓera da ake barbaɗawa a bayan randa. Duk waɗannan a rataye su sama ko a kulle a akwati, a bar su cikin mazubinsu na asali.

In yaro ya sha kananzir ko fetur, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai. A ciki ɓarnarsa kaɗan ce. In ya dawo da amai ya faɗa huhu, nan ne yake kisa. A cire rigar da ta jiƙe, a wanke jiki, a kai shi asibiti ko da ya ga kamar ya ware, don tari da haki kan zo bayan sa'o'i. Soda ma ba a sa amai, tana ƙona maƙogwaro a shiga ta sake ƙona shi a fita. Wanda ya sha fiya-fiya kuwa za a ga yawu na dalala, gumi na karyo masa, ƙwayar ido ta tsuke. Akwai allurar da ke karya dafin a asibiti, saboda haka a yi sauri, a tafi da kwalbar a nuna wa likita.

Sai haɗarin faɗawa cikin ruwa. Ruwa bai kai wuta ban tsoro ba, amma ya fi ta sauri, kuma ba ya ƙara. Mai rarrafe kansa na da nauyi, yana rinjayar jikinsa. In ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba ya iya fitowa, ko da ruwan bai wuce kamu ɗaya ba. A kife baho da bokiti in an gama aiki, randa da duro su kwana a rufe, rijiyar gida a ɗaga bakinta a yi mata murfi mai nauyi. Da damina kuma a ja kunnen yara game da kududdufan da aka haƙa don tubali, da bakin gulbi in ya kawo.

Gyaɗa da gurjiya da ƙwallon magarya ko dabino ba abincin ɗan ƙasa da shekara uku ba ne sai an daka ko an cire ƙwallon. In abu ya shaƙe jariri ya kasa kuka, a kifa shi a kan hannu, kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafi sau biyar. In bai fito ba a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau biyar, a maimaita. Kada a lalubi maƙogwaro da yatsa, tura abin ciki ake yi. Ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, na agogo da kayan wasa, in yaro ya haɗiye shi asibiti nan take, don yana huda maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan. Wuƙa da reza a soke su sama a jikin bango. In an yanke, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, ban da ƙasa ko yanar gizo-gizo, sannan a duba katin rigakafin yaron.

Saura mu roƙi masu faɗa a ji. Limamai su keɓe huɗuba ɗaya a farkon hunturu kan wuta da dare. Masu unguwanni, in sun shiga gidan da 'yan gudun hijira suka cika, su dubi inda murahu suke, su haɗa samari su ja katangar; laka ba saye ake ba. Malaman Islamiyya na matan aure su ɗauki darasi guda kan ruwan minti ashirin. Ma'aikatan asibiti kuma, ranar awo da ranar rigakafi mata na zaune a layi suna jira, a ɗauko buta da baho a nuna musu a aikace yadda ake zubawa, a kuma ce su tafi su nuna wa kakannin yaran, tunda a yawancin gidaje tsohuwa ce ake fara miƙa wa yaro in ya ƙone.